Baturen da Kawu Ya Ara wa Murya

Jikata ce ta jawo mini wannan tunani, kuma har yau ban gama yafe mata ba. Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, tana zaune a falonmu na unguwar International City, nan ƙasar Larabawa, da kwamfutarta, ta toshe kunnuwa biyu da abin sauraro, na zo wucewa zan shiga kicin neman shayi, sai idona ya faɗa kan allon. Wani Bature ne a hoton baƙi da fari, gashinsa kwance luf an tsaga shi gefe, malafa a hannun hagu, hannun dama a ƙirji, yana tsaye a bakin jirgin ƙasa, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Ba na jin komai, don sautin yana kunnenta. Na tsaya cak, har na manta abin da ya taso ni.

"Ango, lafiya ka tsaya mini a ka kamar mai gadi?" in ji ta, bayan ta zare abin kunne guda.

"Amarya, ina kika samo mutumin nan?"

"Aikin jami'a ne. An ce mu yi rubutu kan 'yan wasan Amurka na farko da suka fara waƙa a fim."

"Na san shi. Shekara huɗu muka yi muna aiki tare."

Ta yi dariya har da dukan tebur. "Khalas, tsufa ya fara aikinsa. Mutumin da ya rasu tun ba a haifi Abbana ba? Ina shi ina kai?"

"To, ni dai da Hausa na san shi yana waƙa," na ce mata, "kuma Hausar Kano tsantsa."

Ba ƙarya na yi mata ba. Ina saurayi, gemu bai ko fara leƙowa ba, mahaifiyata ta miƙa ni ga ƙaninta, don ta gaji da ganina zaune a dakalin ƙofar gida ina ƙirga masu wucewa. Kawu majigi yake nunawa. Wani kamfanin sabulu ne ya ba shi a-kori-kura da injin majigi da janareta da lasifika, yana bin kasuwannin ƙauye yana nuna wa mutane yadda sabulun ke kumfa. Da yake ranar kasuwa kowa na son ya koma gida kafin rana ta faɗi, ba ma jiran duhu. Siton gyaɗa ko na auduga muke ara bayan azahar, mu toshe tagogi da buhuna, mu ɗaure farin akoko a bango, duhu ya samu. Aikina shi ne wanke akokon nan duk mako, da goge gilashin inji, da jan igiyar janareta har kafaɗa ta yi tsami, da liƙe fim idan ya tsinke mutane suna ihu a kaina. Har yanzu idan na rufe ido ina jin ƙamshin gyaɗa da gumi da hayaƙin fetur a haɗe, ina jin ƙarar injin tana tar-tar-tar a bayan kunnena, da tarin dattawa, da sautin takalman fata da ake cirewa a zauna a kai. Mutum ɗari da wani abu, allo ɗaya, kuma idan abin dariya ya zo sai siton ya ɗauka gaba ɗaya. Yanzu kuwa ka shiga jirgin metro daga unguwar Deira, kowa da allonsa a tafin hannu, kowa ya toshe kunne, wani na murmushi shi kaɗai, ba ka san me ya gani ba, kuma ba zai nuna maka ba.

Injin namu bebe ne. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwan lantarki a cikinsa da ke fitar da sauti, ya ƙone tun kafin in fara aiki, aka rubuta Ikko a aiko da wani, har na bar aikin bai iso ba. Wannan bai dami Kawu ba, don dama surutu ba ya yi masa wuya. Sai ya riƙe makirfo ya zama bakin kowa da ke kan akoko, mace da namiji, har kare idan ya gifta sai ya yi masa haushi. Amma tallan sabulu ba ya riƙe mutane. Sai wani Kwara mai gidan silima a Sabon Gari ya ba shi gwangwanaye biyu na wani tsohon fim ɗin Amurka da ya kakkarce, wanda ba mai son gani tun da finafinan Indiya suka shigo. Gwangwani biyar ne asalinsa, uku sun ɓace, don haka labarin ba kai ba gindi. Kawu ya ce hakan ya fi, shi zai sa masa kai da gindin. A wani gari Baturen ɗan kasuwa ne da aka cuta, a wani garin malamin makaranta ne da aka yi wa canjin wurin aiki. Abu ɗaya ne ba ya canzawa, wato waƙar bakin jirgi. Kawu ya tsara mata baitoci biyu, ya mai da ita roƙon matafiyi:

Direba tsaya mini, ban sallami Inna ba,
Goron da ta ba ni na aljihu, ban ci ba.

Idan ya kai nan, sai ka ji siton ya yi tsit. Yawancin mutanen da ke ciki 'yan ci-rani ne ko iyayen 'yan ci-rani, kowa ya san wannan tsayuwar ta bakin jirgi. Na taɓa ganin wani ƙaton maƙeri yana share ido da hularsa, yana cewa hayaƙin janareta ne.

Mutane sun ɗauka baiwa ce kawai, ni kuwa na ga wahalar da ke ciki. Ranakun da ba kasuwa, Kawu yakan kafa injin a ɗakinsa na cikin gida, ya haska bango, ya zauna da ƙwaryar tsakuwa. Duk sanda kafaɗun Baturen suka ɗaga, sai ya ajiye tsakuwa guda. Numfashi bakwai ya ƙirga a waƙar, ya yanka kalmominsa daidai da su, kamar tela da ke yanka yadi a jikin mai riga. Na bakwai ɗin shi ne jidali, don Baturen yana riƙe sauti guda tun daga lokacin da jirgi ya motsa har ya ɗaga malafa sama. Don ya iya wannan, Kawu kan ja numfashi a ƙofar zaure ya taka a hankali har bakin rijiya yana jan sautin, matan gida na yi masa dariya. Yakan ce mini, "Bar kallon bakinsa, bakin zai ruɗe ka. Kafaɗa za ka kalla. Inda ya sha iska, kai ma ka sha." Ni kuwa ina gyaɗa kai, a raina ina cewa tsohon nan ya cika ɗaukar wasa da zafi, waƙar da na haddace tun watan farko.

Ranar da zan gane kurena ta zo da damina. Ruwa ya doke mu a hanya, Kawu ya wayi gari murya ta dishe, ko sallama ba ta fita. Sito ya cika, an riga an toshe tagogi. Ya yi nufin a nuna tallan sabulu kawai a tashi, na ce haba Kawu, ga ni. Ya dube ni, ya dubi mutane, ya miƙo mini makirfo. Farkon abin ya tafi daidai, har na fara jin kaina. Da aka zo waƙa sai na kafa wa bakin Baturen ido, tsoro ya sa na riƙa sauri, na zazzage kalmomin gaba ɗaya kamar mai zubar da ruwan wanki. Jirgi bai ko motsa ba na gama, numfashina ya ƙare. Ga Bature tsaye a kan akoko, hannu a ƙirji, baki wangame, ba abin da ke fita sai tar-tar-tar ɗin inji. Abin ya yi tsawo har na ji kamar yini guda ne. Sai wani mahauci daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku ba shi ruwa, ƙashi ne ya maƙale masa!" Siton ya kece da dariya, wani ya ce hamma ce, yunwa yake ji. Tun daga ranar a kasuwar nan Mai Hamma ake kirana, har na yi aure sunan bai sake ni ba.

A mota na zauna ina jiran faɗa, idona ya ciko da hawaye don kunya. Kawu ya bari sai da muka hau kwalta. Sannan ya matso da bakinsa kusa da kunnena, da 'yar ragowar muryarsa ya ce, "Mutumin nan sana'arsa yake yi, kuma ya iya ta. Ka sa an yi masa dariya, shi kuwa ba shi da bakin da zai kare kansa. A hannunmu yake." Wallahi abin ya dake ni. Ni tawa kunyar nake ji, shi kuwa ta Baturen yake ji, mutumin da bai san sunansa ba, bai san ko yana raye ba. Daga makon na fara tafiyar zaure zuwa rijiya, matan gida suka sami na biyun da za su yi wa dariya. Sai da na yi wata biyar kafin ya sake ba ni makirfo, kuma ranar na kai malafa har sama da sauran iska a ƙirjina. Shekarun da na yi a Deira ina aikin kago, ina tura kayan mutanen da ke Kano da Zinder ba sa ganin abin da nake yi da kwalayensu, maganar nan ta cikin mota ce take hana ni wasa da kayan wanda ba ya nan.

Daga baya talabijin ta shiga ƙauyuka, kamfani ya karɓe motarsa, Kawu ya koma gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ni na shiga fatauci, fatauci ya kawo ni nan, na ce shekara biyu zan yi, ga shi har jika ta shiga jami'a. Kawu ya rasu ina tsaye a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali ina jiran a saki kwantena, ban sami jana'izarsa ba. Wannan abu yana ci mini rai har gobe. Gwangwanayen kuwa ba wanda ya san inda suka shiga. Abin da ya rage mini nasa muryar nan ce kawai a cikin kaina, kuma duk sanda na tuna fuskar Baturen, da muryar Kawu take zuwa.

Da na ba jikata wannan labari, ita ma ta ba ni nata. Ta karanto mini tarihin mutumin, sunansa dai ya ƙi zama a bakina. Ashe a kan dandamali ya fara, cikin ayarin masu wasa da ke bin garuruwa a jirgin ƙasa, yau nan gobe can, suna waƙa ba lasifika, sai dai ƙarfin ƙirji ya kai murya kujerar ƙarshe. Da ya yi suna a manyan gidajen wasa sai masu fim suka ɗauke shi, a lokacin fim ba ya magana, mawaƙi guda ya koma yana zare ido yana ɗaga gira. Sai da aka gano yadda za a sa wa fim sauti sannan kasuwarsa ta buɗe, mutane suka riƙa layi don su ji shi. Da yayinsa ya wuce, ya koma ƙananan dandamali inda ya faro. Na ce ikon Allah, ashe ɗan'uwanmu ne mai bin kasuwanni, kuma ashe ba mu muka fara raba shi da muryarsa ba.

"Yalla, karɓi ka ji shi," ta ce, ta miƙo mini abin kunnen.

"Ajiye kayanki."

"Tsoro kake ji?"

"Ni? Shayina ne ke hucewa."

Tsoron nake ji. Kwana uku ina kewaya kwamfutar nan, a na huɗu na ce ta kunna. Muryar ta fito, mai kauri, mai daɗi, da goge da bushe-bushe a bayanta, wai kuma ba da uwarsa yake ba, wata budurwa yake roƙo ta jira shi. Na sa ido a kafaɗunsa ina ƙirgawa da yatsu. Bakwai cif. Duk inda Kawu ke ɗaga murya, nan mutumin ya ɗaga, inda Kawu ke sassautawa, nan ya sassauta. Kawu bai taɓa jin sa ba ko sau ɗaya, amma ya karanto shi daga kafaɗa. Na yi kuka a gaban yarinyar nan, ban ma nemi abin da zan ɗora wa laifi ba.

Amma abin da na ji tsoro shi ya faru. Washegari na nemi waƙar Kawu a kaina na rasa. Da na buɗe baki in ce direba tsaya mini, sai karin Baturen ya shigo da gogensa ya zauna a kai. Baiti na biyu kuwa har kalmominsa suka gudu. Na yi mako guda ba na cin abincin kirki, ɗana ya fara maganar asibiti. Yaya zan ce wa likita na ɓatar da waƙar da ba a taɓa rubutawa ba, ba a taɓa ɗauka a kaset ba, kuma a iya sanina ni kaɗai na rage da ita a duniya? Haushin jikata nake ji, ina kuma jin haushin kaina da na riƙe abu fiye da shekara hamsin ban taɓa rera wa kowa ba, don kada a ce Alhaji guda yana waƙa.

Wata safiya na shiga abra zan tsallaka daga Deira, na zauna kusa da injin. Ƙaramin kwalekwalen katako ne, injinsa na bugawa tuf-tuf-tuf, kusan irin bugun janaretanmu. Ban ankara ba na ji ƙafata na bin sa, sai karin ya dawo, na Kawu, ba goge ba komai. Na rera baitin farko a hankali, wani ɗan Pakistan da ke gefena ya matsa. Sau huɗu na tsallaka ruwan nan ban sauka ba, har matuƙin ya ce, "Haji, shwaiya shwaiya, a hankali, lafiya?" Na samu rabi, amma baiti na biyu ya ƙi zuwa.

Da na koma gida na rera wa jikata abin da na samu, ta ɗauka a waya. Sannan ta ce, "Ba wanda ya rage da ya san sauran?"

"Direbanmu ya rasu. Mutanen siton nan kuwa ina zan gan su?"

"Gwaggo fa?" Tana nufin 'yar Kawu, taubashiyata, wadda ke aure a Kano, yanzu ita ma da jikokinta.

"Ita mace ce. Mata ba sa shiga sito, ko sau ɗaya ba ta ga majigin ba."

"To a ina Kawun yake koyon waƙar?"

"A gida."

"Gidan aljanu ne ke zaune a ciki?"

Shekara da shekaru muna gaisawa da matar nan duk sallah, muna zolayar juna, bai taɓa zuwa mini a rai cewa masu dariyar bakin rijiya kunne gare su ba. Jikata ta kira ta a take, ta sa a amsa-kuwwa.

"Wa nake ji kamar bawana?" in ji taubashiyata. "Larabawa sun kore ka ne?"

Na haɗiye zolayar, na gaya mata abin da ke tafe da ni, na rera mata baitin farko. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan ce ta hana ka cin abinci? Waƙar da nake lallashin jikoki da ita?" Sai ta kama rerawa. Muryar tsohuwa ce, tana rawa, ana jin kukan akuya da hon ɗin adaidaita a bayanta, amma inda take shan iska nan Kawu yake sha. Ta yi baiti na farko, ta yi na biyu, kalmomin suka riƙa faɗowa wurarensu ɗaya bayan ɗaya. Na ce alhamdulillahi, ta cika. Ta ce wa ya gaya maka? Ashe baiti huɗu Kawu ya tsara, biyu ne kawai suka shiga numfashin Baturen, sauran biyun a tsakar gida yake yin su idan yana gyaran inji. Yaran gidanta duk sun iya, har da waɗanda ba su san an taɓa yin wani abu wai shi majigi ba.

"To yi mini sauran," na ce.

"A waya? Ba ka isa ba. Rabonka da gida shekara nawa? Ka zo ka durƙusa a gaban uwargijiyarka, ka kai wa Baba ziyara, sannan in duba."

Na juya na ce wa ɗana ya nemo mini tikitin Kano. Jikata ta ce biyu zai nema, hutunta ya kusa, kuma da kwamfutar za ta tafi, tun da Gwaggo ta yi fiye da shekara hamsin tana rera waƙar mutumin da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Taubashiyata na jin mu ta waya.

"Ku zo mini da shi," ta ce. "Ina so in ga ko ya cancanci muryar Baba."